Maƙerin Gari da Haske: Abin da Sana'ar Bugun 3D a Masana'antu Ta Ƙunsa

Duk wanda ya taɓa hawa jirgin sama ƙirar Boeing 737 MAX, ko Airbus A320neo mai ɗauke da injin LEAP, ya yi tafiyarsa ne, bayan kiyayewar Allah, bisa amanar wani ɗan ƙarfe da bai kai girman goruba ba. Shi ne kan bututun da ke fesa mai cikin wutar injin, kuma kowane inji yana da irinsa 18 ko 19. A tsohuwar hanya sai an ƙera ƙananan sassa 20 daban-daban, a zo a liƙa su da walda, kafin a samu guda ɗaya. Yanzu a dunƙule yake fitowa, nauyinsa ya ragu da kashi 25 cikin 100, kuma kamfanin GE da ke yin sa ya ce ya ninka na da ƙarko har sau biyar. Ba zuba shi ake yi a mazubi ba, ba kuma feƙe shi ake yi daga curin ƙarfe ba. Gina shi ake yi daga garin ƙarfe, shimfiɗa bisa shimfiɗa, a wata masana'anta da ke garin Auburn a jihar Alabama ta Amurka. Sun soma a 2015, zuwa 2021 sun fitar da guda 100,000.

Wannan shi ne abin da jama'a ke kira bugun 3D. Masu sana'ar sun fi son sunan da ke nufin ƙira ta hanyar ɗorawa, don a bambanta aikinsu da ɗan injin nan na kan tebur mai fitar da kayan wasa na roba. Ni zan riƙa ce mata ƙirar hawa-hawa. Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne yadda nake ganin matasanmu masu karatun injiniya suna kwaɗayin wannan fanni, amma hoton da ke zukatansu shi ne wanda suka gani a bidiyon waya: a tura zane, a danna maɓalli, a dawo a tarar da kaya ya kammala. Wanda ya shiga sana'ar da wannan tunani zai sha mamaki, domin lokacin da injin ke aiki shi ne mafi ƙarancin rabon ɗan Adam a cikinta. Nauyin aikin yana gabanin a kunna injin da kuma bayan an kashe shi.

Hanyoyin da muka gada na sarrafa abu ba su da wuyar fahimta. Masassaƙi yana ɗaukar gungumen itace ya yi ta sara da gizago har turmi ya fito, abin da ya zubar a ƙasa ya fi abin da ya kai kasuwa. Mai zubin tukwane yana narka alminiyom ya kwarara shi cikin mazubin yashi. Ita kuwa maginiyar tukunya tana murza yumɓu ta ɗora zagaye kan zagaye, tana tafe tana gyara ciki da hannunta tun bakin tulun bai rufe ba. Ƙirar hawa-hawa hanyar maginiya ce. Fa'idarta ita ce wadda maginiya ta fi masassaƙi da ita: ana iya tsara cikin abu yayin da ake gina shi. Wuƙar injin feƙe ƙarfe ba ta iya shiga ta yi kwana a cikin ƙarfe, amma mai gini hawa-hawa yana iya barin hanyoyi masu lanƙwasa a ciki don iska ko mai su bi su sanyaya shi. Akwai kuma batun asara. A ƙirar jiragen sama ba baƙon abu ba ne a sayi kilo 10 na titaniyom ko fiye don a fitar da sashe mai kilo ɗaya, sauran duk ya tafi a ɓarɓashi.

Fasahar ba ta jiya ba ce. Chuck Hull ya nemi takardar mallakar fasaharsa ta daskarar da ruwan roba da haske a 1984, aka ba shi a 1986. A daidai wannan tsakani Carl Deckard, yana ɗalibi a Jami'ar Texas da ke Austin, ya fito da hanyar haɗe gari da hasken leza, wato siririn haske mai tsananin ƙarfi, sannan Scott Crump ya zo da ta narka zaren roba a 1989. Narka garin ƙarfe ɗungurum kuwa daga wata cibiyar bincike ta Fraunhofer da ke Aachen a Jamus ya samo asali a tsakiyar shekarun 1990, shi ya sa har yau Jamus ce cibiyar injunan ƙarfe: EOS a kusa da Munich, SLM a Lübeck, ga kuma babban baje kolin Formnext da ake yi a Frankfurt duk watan Nuwamba. Kamfanonin China irin su Farsoon da BLT sun taso da ƙarfi a 'yan shekarun nan. Araha da ƙananan injunan roba suka yi ta biyo bayan ƙarewar wa'adin takardar Crump ne a 2009. Hukumomin ƙa'ida na ISO da ASTM sun kasa fasahar gida bakwai, amma wadda ta fi ɗaukar ma'aikata a ɓangaren ƙarfe ita ce ta shimfiɗa gari a narka shi da leza, don haka a kanta zan fi tsayawa.

Injin ya kai girman babban kabad, wani ya fi haka, yana da ƙaramar taga mai duhun gilashi. In ka leƙa za ka ga faranti na ƙarfe a ƙasa. Wata wuƙa mai faɗi za ta ratsa daga gefe zuwa gefe ta shimfiɗa gari mai launin toka, laushinsa kamar garin tuwo da aka tankaɗe sau biyu. Kaurin shimfiɗar bai wuce maikiron 20 zuwa 60 ba. Maikiron shi ne milimita ɗaya a raba ta gida 1,000, kuma silin gashin mutum ya kai kusan 70. Sai ka ga wani ɗigon haske yana gudu a kan garin yana tartsatsi, da saurin da ido ba ya iya bi, ya zana siffar wannan hawa ya ɓace. Farantin ya ɗan nutse ƙasa, wuƙar ta sake wucewa, hasken ya dawo. Babu ƙarar guduma, babu zafin maƙera, sai ƙugin fanka. An riga an kori iskar da muke shaƙa daga ciki an cika ɗakin da iskar agon ko naitirojin, don ƙarfe mai zafi kada ya haɗu da iskar oksijin ya lalace. Sashen da tsayinsa ya kai santimita 30, in ana hawa maikiron 30, yana bukatar shimfiɗa 10,000. Aikin kwana biyu ne, ko uku, wani lokaci mako guda, ba tsayawa.

Abin da ya kamata mai sha'awar sana'ar ya riƙe shi ne wannan ɗigon haske walda yake yi. Walda ce siririya ƙwarai, faɗin layinta kamar kashi ɗaya cikin goma na milimita. Ka yi lissafi da kanka: curin ƙarfe mai girman sabulun wanka, in an gina shi da irin wannan layi a kan irin waccan shimfiɗa, tsawon waldar da ke cikinsa ya haura kilomita 30. Duk matsalar da mai walda na bakin titi ya sani tana nan, an dai ƙanƙanta ta ne an ninka ta. Na sha tsayawa ina kallon mai walda yana haɗa ƙofar gida. Ba ya fara jan layi daga kusurwa ɗaya ya zarce. Sai ya ɗiga nan, ya tsallaka ya ɗiga can, ya ɗauko sukwaya ya gwada, ya ɗan buga da guduma, sannan ya cike. In ka tambaye shi zai ce maka ƙarfe yana ja. Gaskiyarsa ce: inda ya yi zafi yana buɗewa, in ya huce ya tsuke, ya jawo na kusa da shi, ƙofa ta karkace. A cikin injin leza wannan ja yana faruwa sau miliyoyi, yana taruwa a jikin sashen har ya kai ƙarfin da zai iya tsaga titaniyom ko ya banƙare farantin da aka gina shi a kai.

Daga nan aikin ƙwararre yake farawa, tun a kan kwamfuta. Zanen da aka yi don injin feƙewa ba ya dacewa da wannan hanya, sai an sake tunaninsa. Ta wace fuska za a tsayar da sashen a kan faranti? Amsar tana canza tsawon lokacin aiki, da santsin fuskokinsa, har da ƙarfinsa, domin ƙarfen da aka gina hawa-hawa ba lallai ƙarfinsa a tsaye ya zama daidai da ƙarfinsa a kwance ba. Duk inda wani ɓangare ya yi rumfa, ya kwanta ƙasa da kusan digiri 45, sai an yi masa tokara, kamar yadda magini ke kafa sanduna a ƙarƙashin katakon rufin bene kafin ya zuba kankare. Tokarar tana riƙe sashen kada ya miƙe, tana kuma janye zafi zuwa faranti. In ta yi kaɗan aiki ya rushe. In ta yi yawa an ɓata gari mai tsada, kuma wani ne zai zauna da kurfi da zarto ya yi kwanaki yana cire ta. Mai zanen da ya taɓa cire tokara da hannunsa ba ya sa ta inda hannu ba zai kai ba. Ana kuma barin ƙofar da garin da bai narke ba zai zubo daga hanyoyin ciki, in ba haka ba ya maƙale har abada.

Sai saitin injin: ƙarfin hasken, saurin gudunsa, tazarar layi da layi, kaurin shimfiɗa. In zafin ya gaza, garin ba ya narkewa sosai, sai a bar 'yan giɓɓa masu kaifin baki tsakanin hawa da hawa. In ya yi yawa, ƙarfen ya tafasa, hasken ya haƙa rami mai zurfi, ramin ya rufta ya kulle kumfar iska a ciki. Tsakanin waɗannan biyun akwai 'yar siririyar hanya, kuma kowane irin ƙarfe da tasa. Waɗannan ramuka ido ba ya ganin su. Sashen zai fito sumul, a gwada shi ya ɗauki nauyi, amma bayan ya yi shekaru yana jijjiga a jikin inji, tsaga ta taso daga bakin rami ɗaya ta yi ta ci har ya karye. Masana suna kiran wannan gajiyar ƙarfe, kuma ita ce ke hana injiniyoyin jiragen sama barci.

A ce ka shigo aiki ranar Litinin da safe. An kunna injin tun Juma'a da yamma, sassa goma sha biyu a faranti ɗaya. Ka tarar da jan haske a samansa, ya tsaya tun tsakar daren Lahadi. Ka sa rigar kariya da takunkumi da safar hannu, ka buɗe, ka share garin a hankali da buroshi. Ga shi nan: kusurwar sashe ɗaya ta tsinke daga tokararta ta ɗago sama da ƙasa da milimita ɗaya, wuƙar shimfiɗa ta yi karo da ita, ta ja tsagi a kan sauran. Awa hamsin na injin da kuɗinsa ya kai ɗaruruwan dubban daloli sun tafi, ga mai kaya yana jira. Yanzu tambayoyi ne a gabanka. Tokarar ce ta yi rauni, ko farantin bai yi ɗumin da ya kamata ba? Garin ya sha danshi? Gilashin da hasken ke ratsawa ya yi hayaƙi? Iskar da ke kwashe tartsatsi ta ragu saboda matata ta toshe? Wanda ke iya bin waɗannan ɗaya bayan ɗaya, ya duba bayanan da injin ya adana, ya yanka sashen ya kalle shi a madubin ƙara girma, ya fito da dalili, shi ne ƙwararren. Danna maɓallin kuwa a mako guda ake koyon sa.

Ko da aikin ya fito lafiya, abin da ke kan farantin bai zama kaya ba tukuna. Za a kwashe gari, a tankaɗe shi, a adana. Za a sa farantin da sassan a manne cikin tanda don jan da ke cikinsu ya saki, domin in aka yanke su kafin haka za su karkace nan take. Sannan a yanke su da zarto ko da waya mai wutar lantarki, a cire tokara. Sassan jirgi da na jikin mutum galibi ana kai su wata tanda ta musamman mai haɗa zafi da matsi. Ga titaniyom zafin yana kai digiri 920, matsin ya ninka na iskar duniya kusan sau 1,000, na tsawon awa biyu, don ramukan ciki su rufe. Bayan nan a kai wa injin feƙewa ya gyara fuskokin da za su haɗu da wasu sassa, domin abin da ya fito daga gari yana da kaushi. Sai awo, sai ɗaukar hoton ciki da na'ura irin wadda asibiti ke duba ƙwaƙwalwa da ita. Tare da kowane faranti ana gina 'yan sanduna na shaida, waɗanda za a ja a na'ura har su tsinke, a rubuta ƙarfin da suka ɗauka.

Sannan takardu. Wannan ne ɓangaren da ba a nunawa a bidiyo, kuma shi ne ke cin lokacin manyan ma'aikata. Wane buhun gari aka yi amfani da shi, daga wane kamfani, sau nawa aka tankaɗe shi aka maimaita? Tambayar tana da muhimmanci domin garin titaniyom yana ƙara shan oksijin duk lokacin da aka sake amfani da shi, in ya wuce iyaka ƙarfen ya yi gautsi. Wane inji, wane ma'aikaci, yaushe aka gwada ƙarfin hasken? A harkar jiragen sama da ta kayan asibiti, da zarar hukuma ta amince da hanyar yin sashe, an kulle ta ke nan. Ba ka da ikon taɓa saiti ko sauya mai kawo gari sai ka sake gwaje-gwaje. Har ƙa'ida ta musamman ISO da ASTM suka fitar, mai lamba 52942, kan yadda za a tantance mai kula da injin leza da ke yin kayan jirgi. A ganina nan ne ainihin darajar sana'ar take. Kowa na iya sayen inji in yana da kuɗi. Abin da kamfanoni ke nema ido rufe shi ne mutumin da zai iya kafa hujja cewa sashe na dubu daidai yake da na farko.

Ba zan ɓoye haɗarin aikin ba. Garin yana da laushin da zai iya tashi a iska ya shiga huhu, kuma wasu gaurayen suna ɗauke da nikel da kobalt, masu illa ga lafiya. Garin titaniyom da na alminiyom suna kamawa da wuta, in sun tashi kamar ƙura suna iya fashewa, kuma ruwa ba ya kashe irin wutarsu, ƙara mata ƙarfi yake yi. Baƙin toka da ke taruwa a matatar injin ya fi garin kansa saurin kamawa, shi ya sa canza matata yake cikin ayyukan da aka fi taka-tsantsan da su. A watan Nuwamba na 2013 an samu fashewa a wata ƙaramar masana'antar irin wannan aiki a garin Woburn na jihar Massachusetts, ma'aikaci ya ƙone ƙwarai, hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ci kamfanin tara. Ita ma iskar agon ba ta da wari ba ta da launi, ta fi iska nauyi, in ta zuba a rufaffen ɗaki tana iya kashe mutum bai ankara ba. Mai gaggawa da mai raina doka ba su dace da wannan ɗaki ba.

To ta wace ƙofa ake shiga? A babban kamfani aikin a rarrabe yake: akwai mai zane, akwai injiniyan da ke tsara saiti, akwai mai kula da inji, akwai masanin ƙarafa, akwai mai awo da tantancewa, akwai kuma makanikin da kamfanin da ya ƙera injin ke turawa ƙasa-ƙasa yana gyara. A ƙaramin wuri mutum ɗaya ne ke ɗauke da uku ko huɗu daga ciki. Mafi yawansu ba da sunan wannan fanni suka fara ba. A Jamus da yawa sun bi ta koyon sana'a na shekara uku zuwa uku da rabi, wani lokaci a makaranta, mafi yawa a masana'anta, suka fito a matsayin makanikan masana'antu ko masu gwajin ƙarafa, daga baya suka ƙara wannan a kai. Wasu injiniyoyin ƙere-ƙere ne ko na kimiyyar ƙarafa da suka yi digiri na biyu, irin wanda Jami'ar Penn State a Amurka da ta Cranfield a Ingila ke bayarwa. Abin lura ne cewa a Turai ƙungiyar masana walda ce ta jagoranci tsara takardun shaidar ƙwarewa na wannan aiki.

Akwai dalilin da ya sa nake nanata a shiga da wata sana'a a hannu. Kasuwar wannan fasaha ta sha hawa da faɗuwa. A farkon 2014, lokacin da ake ta cewa kowane gida zai mallaki injinsa, hannun jarin kamfanin 3D Systems ya kusa dala 100. Shekara biyu bayan haka ya faɗo ƙasa da dala 10. A 2016 GE ya zuba kuɗi sama da dala biliyan ɗaya ya sayi Arcam na Suwidin da Concept Laser na Jamus. A ƙarshen 2020 Desktop Metal ya shiga kasuwar hannun jari da darajar dala biliyan 2.5, amma a 2025 aka sayar da shi kan abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba, kuma a shekarar ya bayyana karyewa. Shapeways, wanda ya yi suna wajen buga wa jama'a kaya, ya durƙushe a 2024. Duk lokacin da irin haka ta faru, ma'aikata ne ke komawa gida. Wanda ya san ƙarafa ko awo ko feƙewa yana da inda zai nufa. Wanda bai san komai ba sai manhajar inji ɗaya, shi ne ke shiga tsaka mai wuya.

Amma faɗuwar masu sayar da injuna ba ta nufin aikin ya mutu. Guraben da suka fi tsayawa da ƙafafunsu suna wurin masu amfani da fasahar, inda ta riga ta zama hanyar yau da kullum. Kusan duk kwanson na'urar taimaka wa ji da ake auna wa kunnen mutum yanzu ta haka ake yin sa. Masu haɗa haƙora sun rungume ta. A Italiya tun wajen 2007 ake buga kofin ƙugu na titaniyom mai fuska kamar soso, wadda ƙashi ke tsirowa ya shiga cikinta ya riƙe. Kamfanin Rocket Lab yana buga manyan sassan injin rokarsa mai suna Rutherford. A Amsterdam an kafa gadar ƙafa ta ƙarfe mai tsawon mita 12 a 2021, wadda hannayen mutum-mutumi masu walda suka gina ɗigo bisa ɗigo. Abin da ya haɗa waɗannan shi ne ko dai kayan yana da siffa mai wuya, ko kowane guda daban yake da ɗan'uwansa, ko kaɗan ake bukata kuma jiran sa tsada ne. Inda ake son noti miliyan guda iri ɗaya, tsohuwar hanya ta fi ta sauri da araha nesa ba kusa ba. Cikin alamomin gwani har da iya ce wa mai kaya: wannan kai shi a zuba maka, ko a feƙe maka, kada ka ɓata kuɗinka a nan.

A nahiyarmu Afirka ta Kudu ce ta yi nisa. A Bloemfontein, wata cibiya ta Jami'ar Fasaha ta Tsakiya ta daɗe tana buga muƙamuƙi da ƙasusuwan fuska na titaniyom ga marasa lafiyar da ciwon daji ko ƙari ya cinye musu ƙashi, ana auna kowane ɗaya daga hoton kan mai shi. Mu a nan, gaskiya ita ce injin garin ƙarfe yana da sharuɗɗa masu nauyi. Yana son wutar da ba za ta ƙifta ba har kwana uku, da ɗaki mai sanyi marar ƙura, da iskar agon a kai a kai, da garin da ake shigowa da shi da kuɗin waje, da tanda da ɗakin gwaji a kusa. Matashin da burinsa shi ne injin leza na kayan jirgi ya sani cewa, a halin yanzu, hanyarsa ta fi yiwuwa ta bi ta karatu ko aiki a waje, kuma abin da zai kai shi can shi ne ƙarfinsa a ilimin ƙarafa da zane da lissafi.

Sai dai akwai wani reshe na fasahar da nake ganin ya fi kusa da mu, kuma ba a cika maganarsa ba. Kamfanin jiragen ƙasa na Jamus, Deutsche Bahn, ya soma buga kayan gyara a 2015 saboda tsofaffin jiragen da masu ƙera su suka daina yin safayarsu. Da ya kai guda 100,000 a 2023, sashen da ya cika adadin wani akwatin giyar inji ne na kan jirgi mai nauyin fiye da rabin tan, kuma ba ƙarfen aka buga ba. Mazubin yashi aka buga, sannan aka narka ƙarfe aka zuba kamar yadda aka saba. Matsalar da ta kai su ga haka mun fi su saninta: injin niƙa, famfon ban-ruwa, tarakta, injin asibiti, duk a ajiye saboda ɗan sashe ɗaya da babu shi a kasuwa. Masu zubi kuma muna da su, a Panteka ta Kaduna da sauran garuruwa, hannunsu ya faɗa a kan yashi da wuta. Abin da ke yawan rage musu inganci shi ne samfurin da suke danna wa a yashi, wanda sau da yawa tsohon sashen ne da ya riga ya cinye ko ya karye.

Nan ne ƙaramin injin roba na kan tebur, wanda batir da hasken rana za su iya riƙewa, yake da aikin yi na gaske. Ɗalibi ya samo fankar famfon ruwa da ta karye, ya auna ta da ma'auni mai baki biyu, kowace kusurwa ya rubuta. Ya zana ta a manhaja, ko da ta kyauta ce irin FreeCAD, ya mayar mata da inda ya cinye. Ya buga samfurin da roba ya kai wa mai zubi, ya tsaya a wurin ya ga yadda ake danna shi a yashi, ya ji ƙorafin mai zubin cewa gefen nan ya miƙe sosai, ba zai fita ba sai ya rusa mazubin. Ya koma ya ɗan karkata gefen. In an zuba ta huce, ya sake aunawa, zai tarar ta fi zanensa ƙanƙanta, domin alminiyom yana tsukewa da kashi ɗaya da 'yan kai cikin 100 in ya huce. Ya ƙara wannan a zanen, ya sake bugawa, a sake zubawa, ya ɗaura ta a famfon, ya rubuta ranar da ya ɗaura da awannin da take aiki kullum, ya dawo bayan wata uku ya kwance ya duba inda ta fara ci.